Mai Tsintar Tsakuwa

Bakwai na safe, ina cikin a-daidaita-sahu
a mararrabar Silk Board, inda motoci ke tsufa a tsaye.
Direba ya kashe inji, ya buɗe jarida,
ni na buɗe kwamfuta bisa cinya.
Ruwan jiya bai gama barin titunan Bengaluru ba.

Sunana Nagaveni. Shekara goma sha bakwai
ina farautar kuskure a cikin manhajar mutane,
kamar mai tsintar tsakuwa a faifan shinkafa:
in na yi aikina da kyau, ba wanda zai san na yi,
sai ranar da haƙorin wani ya karye.

Kowace shekara da abin da take yayi.
Na ga wadda aka ce kowa ya kwashe kayansa ya kai gajimare,
na ga ta kuɗin da hannu ba ya taɓawa,
na ga ta tabarau mai kai mutum wata duniya,
yana nan yanzu a kabad, kusa da tsintsiya.
Bana ƙirƙirarriyar basira ke tashe.

Raghunandan, da ni na koya wa aiki
tun gemunsa bai san reza ba,
ya tsaya gaban allo a hawa na sha ɗaya:
"Wannan zai yi aikin mutum arba'in."
Muka tafa.
Mu arba'in da biyu ne a ɗakin.
Na ƙirga mata: shida, har da mai kawo kofi.

Sun raɗa wa injin sunan mace,
sun ba shi murya mai laushi, ba ya cewa a'a,
ba ya laulayi, ba ya tashi biyar don ɗauko yaro.
Ni aka miƙa wa in gwada shi.
Na zuba masa takardun masu neman aiki dubu uku,
ya tace, ya tankaɗe, kafin kofina ya huce.
Sai na leƙa dusar da ya zubar:
duk wadda ta yi hutun shekara biyu a tsakiyar tarihinta
tana ciki.
Ba wanda ya ce masa ya yi haka.
Tsofaffin fayilolinmu ya karanta,
barewa kuwa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Uwata, Girijamma, shekara talatin tana liƙa waya da dalma
a masana'antar tarho.
Yatsunta duk tabon ƙuna.
Garin nan ya yi hira da duniya ta cikin aikinta,
amma hoton da ke bango na manajoji ne.

Da rana Chaitra, wata takwas da fara aiki,
ta tare ni wajen famfon wanke hannu:
"Anti, in zauna ko in nemi wata sana'a?"
Na so in ba ta amsa irin ta taron Ranar Mata,
wadda ake rabawa da fure da alewa.
Na ce, "Ki koyi abin da ke cikin tukunyar,
kar ki tsaya kan murfi.
Kuma duk abin da kika faɗa a taro, ki rubuta, ki sa kwanan wata."

Na shigar da rahoto na dubu huɗu da ɗari huɗu da sha takwas,
na sa masa jar alama: mai tsanani.
Ƙarfe uku aka mayar da shi: zai iya jira.
Uku da minti biyu na mayar da jar.
Gobe ma haka, in katin ƙofata bai daina aiki ba.

Tara na dare na iso gida.
Anagha ta farke tsohuwar rediyon kakarta,
ta jera kusoshi a farantin da muke cin abinci.
Ba ta ko ɗago ba.
Ta ce, "Amma, riƙe min fitila."
Na ajiye jaka, na riƙe.